Irin da Ya Ce a Ajiye

Lahadi, bakwai na safe

Yau kwana uku da suka je wurin aikinsa suka tafi da maigidana. Mutum biyu ne, in ji abokin aikinsa, riƙe da wata takarda da aka ce shi ya sa mata hannu a ɗakin ajiyar kaya. Iya abin da na sani ke nan. Littafin nan ma nasa ne, na lambu. Na juya shi ta baya na fara rubutu don babu wanda zan gaya wa.

Inna, mahaifiyarsa, tana zaune da mu tun da idonta ya yi rauni. Ƙaninsa ya zo jiya, ya ja ni bayan ƙofa ya ce kar ta ji, likita ya riga ya ce zuciyarta ba ta son tashin hankali. Muka shirya cewa an tura shi kwas wani gari, wurin kuma babu sabis. Ni da ko gishiri ya yi yawa a miya sai na faɗa da bakina, ni aka ɗora wa wannan ƙaryar.

Sai lambun. Shekara goma sha ɗaya ina yi masa tsiya a kansa. Fangali shida ne a bayan gida, da tsofaffin tayoyi da bokitan fenti: tumatir, kokwamba, kubewa, barkono, albasa, latas, na'ana'a, ɗoɗɗoya, da wasu furanni rawaya da ya ce suna korar ƙwari. Nakan ce da yana kallona yadda yake kallon tumatir da na fi haka ƙiba. Yau na leƙa, duk sun sunkuyar da kai.

Lahadi, ɗaya da rabi na rana

Na jawo tiyo na fesa musu ruwa har ganye ya yi sheƙi, ina jin na yi abin kirki. Inna tana kan kujerarta a bakin ƙofar baya. Ta tambaya ko ruwan sama ake yi, na ce a'a, ban ruwa nake.

"Da tsakar rana? Dafa su za ki yi?"

Shekara arba'in ta yi tana noman lambu kafin ido ya hana ta. Ba ta ganin ganyen, amma tana jin inda ruwa ke sauka. Ta ce a gindi ake zubawa, kafin rana ta fito, kuma da gwangwani ba da tiyo ba. Daga nan ta tambaya ko mutumin nawa bai bar mini bayani ba. Na ce tafiyar gaggawa ce. Ta ce to.

Litinin, shida na yamma

Na je wurin da suke tsare da shi. Dogon benci, taga mai ƙarfe, mutum a bayanta yana shan shayi. Ba a ganinsa. Abinci za a karɓa. Ki dawo ranar Talata ta mako mai zuwa.

Laraba, shida saura na safe

Gwangwani arba'in da biyu. Bayana kamar zai tsinke. Famfo tun shekaranjiya da sassafe kawai yake zuwa, ƙarfe bakwai ya ɗauke, saboda zafin nan. Shi kullum yana yin wannan kafin in farka, ya dawo ya kawo mini shayi da na'ana'a, ni kuma in ce ya taka mini ƙasa da laka.

Ƙaninsa ya samo lauya, mace ce, siririya mai tabarau. Ta ce muna kan ƙoƙari. Na tambaye ta mene ne laifin, ta yi mini bayani da kalmomin da ban riƙe ko ɗaya ba.

Alhamis, biyar na yamma

Mako guda.

A shagon ɗinkin da nake aiki kayan makaranta muke ɗinkawa, kekuna tara, fanka ɗaya. Yau na haɗa hannun riga goma sha biyu a baibai. Mai shagon ta dube su, ta dube ni, ta miƙo mini reza. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Na zauna ina farkewa, sauran kekuna suna ta gudu, babu wadda ta ɗago kai. Kenan duk sun sani.

Asabar, goma na safe

Tumatir sun yi tsayi sun fara kwanciya. Inna ta ce a ɗaure su da sanda, kuma kar da igiyar roba, tana yanka kara. Na kwaso ƙyallaye daga shago na tsaga. Yanzu kowane tumatir yana sanye da ɗamarar kayan makaranta, wannan shuɗi, wancan kore mai gida-gida. Da ya gani da ya yi dariya har ya riƙe katanga.

Ta kuma sa ni tsinke ƙananan rassan da ke fitowa tsakanin kara da ganye. Ta ce shi "gashin hammata" yake kiransu. Na yi dariya, karon farko. Da dariyar ta ƙare sai na shiga banɗaki na buɗe famfon da babu ruwa a ciki, na tsaya.

Talata, huɗu na yamma

Ki dawo ranar Talata.

Na kai masa abinci da kokwamba biyu, na farko da suka isa ci. Mai gadin ya tsaga kowacce gida biyu a tsaye da wuƙa, ya leƙa cikinsu, ya tona shinkafar da cokali. Me za a ɓoye a cikin kokwamba? Ban tambaya ba. Na koyi cewa na gode ga mutanen da ban gode wa ba.

Kwanon wancan makon ya fito, an wanke shi tas, murfin a kife yadda yake kifewa a gida. Wasiƙar da na samu ke nan. Na rungumo kwano a cikin motar haya kamar mara hankali.

Laraba, shida na safe

Gwangwani arba'in da biyu. Babu labari.

Juma'a, bakwai na yamma

Maƙwabciyarmu, wadda unguwa ke kira Rediyo, ta leƙo ta katanga ina cirar ciyawa. Ta fara da sannu da aiki, ta bi da Allah Ya kyauta, da muryar da za a ji a gida uku. Na miƙe da sauri na cika mata hannu da na'ana'a da latas, na ce ta je ta yi shayi kafin ya bushe. Ta tafi tana waige.

Inna tana kan kujera. Ta tambaya me Allah zai kyauta. Na ce zafi. Ta ce ai kuwa, zafin bana sai addu'a.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, na sani. Amma ni ba haƙa shi na yi don daɗi ba.

Lahadi, takwas na safe

Latas ya tafi. Ya yi tsiri sama, ya yi ɗaci, ko kaza ba za ta ci ba. Inna ta ce ba laifina ba ne, latas ba ya jure bazara, shi ma duk shekara yana asararsa amma taurin kai ba ya barin ya daina. Ta ce haka yake tun yana yaro, in ya sa abu a ƙasa sai ya ga ƙarshensa. Ta ba ni labarin wata kabewa da ya shuka yana ɗan shekara bakwai, ya kwana uku yana kuka da akuya ta cinye. Ina cire latas ɗin ina cewa uhm, na juya mata baya, duk da ba ta gani.

Daga baya ta ce in kira shi ta ji muryarsa. Na danna wayar na kara mata a kunne, muryar nan ta ce layin a kashe yake. Ta saurara har ƙarshe, ta miƙo mini.

Talata, huɗu da rabi na yamma

Talata.

Yau wata mata a kan benci ta ce wata tara take zuwa. Ta faɗa kamar mai faɗin farashin gishiri. Ta zo da matashin zama nata na kanta da ƙaramar laima. Na matsa can ƙarshen benci. Allah Ya yafe mini, ba ta yi mini komai ba, kawai ba na son in san inda ake sayen irin wannan matashin.

Alhamis, shida na safe

Mako uku. Tumatir bakwai sun yi baƙi ta ƙasa, suna ruɓewa tun ba su nuna ba. Na kai wa Inna ɗaya, ta shafa, ta shaƙa, ta ce ruwa ne yau da yawa gobe kaɗan. Gaskiyarta. Ranakun Talata ina hanzari ne, rabi nake ba su in fita.

Na zauna a kan bokitin fenti na zage su. Wallahi na zage su, da baki. Na ce kuna da ƙasa, kuna da ruwa, kuna gidanku, me kuma kuke so? Inna ta ce daga ƙofa, idan na gama da su in zo in ba ta maganinta.

Alhamis, uku na rana

Ban je aiki ba. Ban yi komai ba.

Litinin, bakwai na yamma

Ƙwari sun sauka a kan barkono, ƙanana baƙaƙe, maƙale a bayan ganye. To ina amfanin furannin nan rawaya? Suna nan tsaye suna ado, ƙwari na cin maƙwabtansu. Inna ta ce ruwan sabulu da toka. Na bi ganye ɗaya bayan ɗaya da tsumma har yatsuna suka yi taushi.

Ƙaninsa ya zo. A waje ya tsaya, bai son haɗa ido da uwarsa, ko da yake idon ba ya gani. Ya ce gobe za a shiga da yayan nasa gaban alƙali amma a rufe, ba a barin iyali. Ya ce in yi haƙuri. Kowa haƙuri yake ba ni, har na rasa inda zan ajiye. Na ce ya shiga ya gaishe ta mana. Ya shiga minti biyu, na ji yana cewa kwas ɗin an ƙara masa lokaci. Ya fi ni iyawa.

Talata, biyu na rana

An ɗage. Mako guda.

Na hango motar da ta fita da shi ta ƙofar baya. Gilashin baƙi ne. Na ɗaga hannu duk da haka.

Asabar, tara na safe

Komai ya nuna lokaci guda, kamar da gayya. Tumatir cike da kwando, kokwamba har ta ɓuya a ƙarƙashin ganye ta yi kauri, kubewa in ban tsinke yau ba gobe ta zama itace. Mu biyu ne a gidan, ɗaya ba ta ci sai cokali uku. Na raba wa unguwa, har Rediyo. Kowa ya karɓa sai ya ce Allah Ya dawo da mai shi lafiya, a hankali, yana leƙen bayana.

Ɗoɗɗoya ta yi fure, Inna ta ce a tsinke kan ko ganyen ya daina. Da na tsinke, ƙamshin ya tashi a hannuna, ƙamshin rigarsa ne da safe. Ina kewarsa. Ban rubuta wannan ba sai yau. Ina kewarsa, kuma ina jin haushinsa, don me zai sa hannu a abin da bai karanta ba, ko kuwa ya karanta? Ban sani ba. Shekara ashirin da shida, kuma ban sani ba.

Talata, biyar na yamma

An shiga, an fito. Lauyar ta same ni a bakin titi ta ce ba a yanke komai ba tukuna, sai wata mai zuwa. Tana magana tana goge tabarau. Amma ta gan shi, ta zauna da shi rabin awa. Ta ce ya rame kaɗan, yana cin abinci, ya ce kokwambar ta yi daɗi. Sai ta ciro takarda daga jaka, rabin shafi, rubutunsa ne, mai karkata hagu.

Na karanta a tsaye. Kwana talatin da uku, mutumin nan ya samu biro da takarda, kuma abin da ya rubuto mini lambu ne. Lambu daga farko har ƙarshe. Babu ya kike, babu ina lafiya. Na yi niyyar yaga ta. Sai na tuna, ga abu ɗaya na gaskiya da zan iya karanta wa Inna ba tare da na canza ko harafi ba. Zan ce wani abokin kwas ɗinsu ne ya kawo. Gobe da safe, in ta sha magani.

Na ji sanyi a raina yau. Wanda ke tunanin tumatir ai lafiyarsa ƙalau.

Laraba, goma sha ɗaya na safe

Zan rubuta yadda ya faru, a jere.

Bayan ban ruwa na jawo kujera kusa da tata na ce Inna, albishirinku, ga saƙo daga mutumin. Fuskarta ta buɗe. Ta gyara zama ta ce in karanta a hankali. Na karanta:

"Ki zaɓi tumatir biyar mafi kyau ki bar su su nuna sosai a jiki, ki matse irin, ki wanke, ki shanya a inuwa. Kokwamba biyu ma ki bar su su yi rawaya, ki yi musu haka. Ki zuba a kwalba mai murfi, ki rubuta shekara a jiki. Na kubewa da barkono kar ki wahalar da kanki. Albasar nan huɗu da na bari a kusurwa suka yi farin kai, ki cire su kawai, ba sai an tara irinsu ba. Ki gaishe da Inna, ki ce ta yafe mini tafiya ba sallama."

Na ƙara da tsiyata, na ce kun gani ko, ko a kwas ma ba mu yake tunani ba. Ba ta yi dariya ba. Ta ce in sake. Na sake. Ta ce in maimaita daga wurin kubewa. Na maimaita.

Ta ɗora hannunta a kan gwiwa. Sai ta fara ƙirgawa da yatsu, ba da ni take ba.

"Irin albasa shekara ɗaya yake yi, ya mutu. Barkono da kubewa biyu, da ƙyar uku. Tumatir da kokwamba su ne ke kai biyar a kwalba."

Na ce Inna, ai ƙila dai ba ya son in gaji ne.

"'Yar nan, yaron da ke tara irin latas duk shekara, shi zai ce a zubar da na albasa? Wanda zai dawo baɗi ba ya faɗin haka."

Ban san wannan ba. Wallahi ban sani ba. Da bakina na karanta mata, sau uku, ina murmushi. Na durƙusa a gabanta na ce ku yafe mini, ba kwas ba ne. Ta ce kar in gaya mata ko mene ne, ba ta so, abu ɗaya kawai: yana da rai, kuma ana ba shi abinci? Na ce eh. Ta ɗora hannu a kaina ta bar shi a wurin. Na jira zuciyar nan da likita ya ce. Ba ta faɗi ba, ba ta yi kuka ba. Can ta ce, a hankali, kamar mai gyara lissafi:

"Ni kuwa irin albasa ce."

Laraba, huɗu na yamma

Na kira lauyar. Na ce kar ta goge mini tabarau, shekara nawa ta gaya masa? Ta ce shi ya roƙe ta kar ta faɗa tukuna, kuma ba a yanke ba, akwai ɗaukaka ƙara, akwai kaza. Na ce biyar? Ta ce muna kan ƙoƙari.

Ban sani ba ko da gangan ya rubuta don in gane, ko kuwa kansa ne kawai ke aiki irin na mai lambu. Ni da bai taɓa ganina da gwangwani a hannu ba, ta ina zai zaci zan gane? Bai zaci kuma zan kai wa uwarsa ba.

Alhamis, shida na safe

Gwangwani arba'in da biyu. Inna ba ta fito bakin ƙofa ba. Ta sha magani, ta juya ga bango. Ƙaninsa ya kira ya yi mini faɗa, na bar shi ya gama.

Asabar, biyar na yamma

Yau ta fito da kanta, tana laluben bango. Ta ce in kawo faranti da rariya. Tumatir biyar ɗin sun yi ja har sun fara taushi. Ni ina matsewa, ita tana murza irin a cikin ruwa da yatsu, tana zubar da wanda ya taso sama, ta ce wannan fanko ne. Muka baza a kan tsohon ƙyalle a inuwar katanga.

Da muka gama na ɗauki fartanya na nufi kusurwa wurin albasar. Ta ji ƙarar ƙarfen ta tambaya ina za ni. Na ce cire su zan yi, yadda ya ce.

Ta ce in ajiye fartanya in kawo almakashi da jakar takarda. In yanke kawunan a hankali kar irin ya zube, in rataye su a ɗakinta, bayan ƙofa, inda za ta riƙa taɓawa ta ji in sun bushe. Na ce Inna, ai ya ce ba sai an tara ba.

"Ni na haife shi, ba shi ya haife ni ba."

Na yanke guda huɗun. Ƙananan iri baƙaƙe suka zubo mini a tafin hannu, na juye su cikin jakar har na ƙarshe. Ta ce Talata in samar mata mota mai sauƙin hawa, kuma in ɗauki kujerarta, don ta ji an ce bencin wurin babu majingini. Ban tambaye ta wa ya gaya mata ba.